Gudanar Ruwa da Cakuɗuwarsa da Iska a Tukwanen Haɗin Sinadarai: Abin da Ya Shafi Ruwan Boɗinga da Shagari

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda iska take shiga ruwa, da yadda ruwan yake tafiya a cikin mazubin da ake haɗa su. Daga nan ta ɗora bayanin a kan wasu ayyukan ruwa da suka shafi ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari a Jihar Sakkwato, musamman cire sinadarin ƙarfe daga ruwan burtsatse. Abin da take son tabbatarwa shi ne, kafin a kashe kuɗi a kan inji ko magani, ya kamata a fara gano matakin da yake jan ƙafa a cikin aikin, domin sau da yawa gyaran yana ga hanyar da ruwan yake bi ne. Misalan da aka kawo na lissafin tsari ne, an gina su a kan ƙa'idojin da masana suka daɗe da tabbatarwa.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya karanta injiniyancin sinadarai, da an ambaci tukunyar haɗa iska da ruwa sai hankalinsa ya tafi manyan masana'antu. Zai tuna masana'antar Escravos ta Jihar Delta, wadda ta fara aiki a 2014, inda ake hura gas ta ƙarƙashin doguwar tukunya mai cike da narkakken kakin mai, a ƙarshe a sami dizal. Ko ya tuna manyan tankunan da Amurka ta yi amfani da su wajen samar da maganin fenisilin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda babbar matsalarsu ita ce isar da oksijin ga ƙwayoyin da ke cikin ruwan. To amma wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya ratsa Boɗinga ya isa Shagari, zai wuce irin waɗannan tukwane da yawa ba tare da ya lura ba. Tankin da ke kan rijiyar burtsatse tukunyar haɗi ce. Kududdufin kiwon kifi ma haka. Ita kanta madatsar ruwa ta Shagari tukunya ce babba wadda ba ta da murfi. A cikin kowannensu iska tana shiga ruwa ko tana fita, wani sinadari yana juyewa ya zama wani, kuma ƙa'idar da ta hau kan Escravos ita ce ta hau kansu.

2.0 Yadda Iska Take Ƙetarawa Cikin Ruwa

Tun a 1803 William Henry ya nuna cewa ruwa yana da iyakar iskar da zai iya ɗauka, kuma iyakar tana bin matsin wannan iskar a saman ruwan. Zafi yana rage ta. Ruwa mai tsabta a digiri 20 yana ɗaukar oksijin kimanin miligiram 9 a kowace lita. A digiri 30 sai ya sauko zuwa 7.5, a digiri 35 kuwa da ƙyar ya kai 7. A ƙasar da zafin Afrilu yake haura digiri 40, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Wancan iyaka ce kawai. Saurin isa gare ta wani abu ne daban. Whitman a 1923, sannan Lewis da Whitman a 1924, sun bayyana cewa a daidai inda iska ta taɓa ruwa akwai wani siririn faifai na ruwa wanda kusan ba ya motsi, kuma dole iskar ta ratsa shi a hankali kafin ta isa cikin ruwan. Oksijin yana yaɗuwa a cikin ruwa a hankali fiye da yadda yake yaɗuwa a sarari har kusan sau 10,000, don haka wannan faifai shi ne ƙofar da kowa yake cunkoso a kanta. Higbie a 1935 da Danckwerts a 1951 sun gyara hoton, suka ce fuskar ruwan ba a tsaye take ba, ana sabunta ta ne duk lokacin da ruwa ya juya. Mai shayi ya san wannan a aikace: idan ya ɗaga kofi sama yana sheƙa shayi cikin ɗaya kofin, yana sirantar da ruwan ne, yana ƙara masa fuska, yana kuma sabunta fuskar a kowace sheƙa.

Saboda haka abubuwa uku ne suke yanke saurin shigar iska: faɗin fuskar da iska da ruwa suka haɗu, saurin sabunta fuskar, da tazarar da ke tsakanin abin da ruwan yake ɗauke da shi da iyakar da zai iya ɗauka. Faɗin fuska yana da sauƙin lissafi. A ninka kason iskar da ke cikin ruwan sau shida, a raba da kaurin ƙwayar iska. Idan iska ta cika kashi 1 cikin 100 na tanki, kuma kaurin ƙwayoyinta milimita 6 ne, kowace mita kubik ta ruwa tana da fuska mita murabba'i 10. Idan aka farfasa ƙwayoyin suka koma milimita 2, fuskar ta zama 30, alhali iskar ba ta ƙaru ba. Wannan ne dalilin da ya sa masana'antu suke sa farfela mai fukafukai shida irin ta Rushton a cikin tukunya. Sai dai farfelar ma tana da iyaka: idan iska ta yi mata yawa sai ta taru a bayan fukafukan, ƙarfin da take zuba wa ruwan ya faɗi zuwa kusan rabi, iskar ta haye sama a dunƙule. Haka abin yake a tukunyar da ba ta da farfela. Da zarar saurin iskar ya wuce santimita 3 zuwa 5 a daƙiƙa, ƙananan ƙwayoyi sukan fara haɗewa su zama manya, su tsere ta tsakiya. Ƙarin iska ba kullum yake zama ƙarin aiki ba.

Akwai tambaya ɗaya da na fi so ɗalibanmu su riƙe. Wani masani ɗan Japan, Hatta, ya tsara ta a 1932: shin sinadarin yana cinye iskar tun tana cikin faifan nan, ko sai ta ƙetare ta shiga cikin ruwa sannan aikin ya fara a hankali? Idan na farko ne, fuska ake buƙata, sai a yayyafa ruwa a kan tsakuwa ko wani abu mai yawan saƙo. Idan na biyu ne, ruwa mai yawa ake buƙata da lokaci. Wanda ya rikita waɗannan biyu zai sayi abin da ba ya buƙata.

3.0 Ruwan Burtsatse Mai Ƙarfe

A nan nake so mu daɗe.

A 1973 hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta buga rahoton Anderson da Ogilbee a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa na yankin Sakkwato, wanda ya bayyana shimfiɗun da suke riƙe da ruwa: na Gundumi, na Rima, na Kalambaina da na Gwandu. Ƙasa ce mai marmara da jan dutse, kuma ƙarfe yana daga cikin aibin da ake yawan samu a ruwan zurfi na wannan yanki. Alamarsa sananniya ce. Ruwa ya fito daga famfo garau, a zuba a bokiti, bayan ɗan lokaci ya yi ja-ja, ya bar tsatsa a gindin bokitin. Farar riga ta koma ruwan ƙasa, shayi ya yi baƙi, mata su koma rijiyar da ba ta da murfi saboda ruwanta ya fi daɗi a baki. Wannan komawar ita ce haɗarin, fiye da ƙarfen kansa. Ma'aunin ruwan sha na Nijeriya ya tsayar da ƙarfe a kan miligiram 0.3 a lita.

Abin da yake faruwa shi ne, a can ƙasa babu oksijin, don haka ƙarfen a narke yake. Da ya haɗu da iska sai ya juye ya zama tsatsa, wadda ba ta narkewa, ana iya tace ta da yashi. Shi ke nan sai a ce ai maganin shi ne a hura iska da yawa. Mu yi lissafi mu gani. Miligiram ɗaya na ƙarfe yana cin oksijin miligiram 0.14 ne kacal. Mu ɗauka ruwa yana da ƙarfe miligiram 3 a lita, wato ninkin ma'auni sau goma. Oksijin da yake buƙata bai kai rabin miligiram ba, alhali ruwan zai iya ɗaukar 7.5. Faɗowa ɗaya daga bakin bututu zuwa cikin tanki tana iya ba shi wannan. Ashe ba oksijin ne ya yi ƙaranci ba.

Amsar tana cikin aikin Stumm da Lee na 1961. Sun nuna cewa saurin juyewar ƙarfe ya rataya ne a kan tsamin ruwa, kuma idan ma'aunin pH ya hau da ɗaya, saurin yana ninkuwa sau 100. A pH 7, a ruwan da ya sha iska, rabin ƙarfen yakan juye cikin mintunan da ba su kai goma ba. A pH 6, aikin nan zai ci awa 7 zuwa 15. Ruwan zurfi da ya fito daga yashi kuwa yakan zo da iskar kabon dayoksaid a narke, ita ce take sa shi tsami. Wani abin kuma, shi kansa ƙarfen idan yana juyewa yana ƙara wa ruwan tsami, ya rage wa kansa sauri. Abin da ya taimake mu kawai shi ne ɗumin ruwanmu, domin ƙarin digiri 15 yana ninka saurin kusan sau goma.

To, a nan ne tambayar Hatta ta yi amfani. Juyewar ƙarfe aiki ne mai jan ƙafa, a cikin ruwa yake faruwa. Babban amfanin iska a wurin shi ne ta kwashe kabon dayoksaid ta fita da shi, tsami ya ragu, sannan a ba ruwan lokaci.

Ga yadda abin yake a aikace. A saman tanki a kafa farantai huɗu ko biyar, ɗaya bisa ɗaya, tazarar kamu biyu a tsakani. Kowane faranti an huda gindinsa da ƙananan ramuka, an shimfiɗa tsakuwa a ciki. Ruwa ya zubo kan na sama, ya rarrabu, ya ɗiga kamar yayyafi zuwa na biyu, ya bi jikin tsakuwa ya sirance, ya sake ɗiga. Babu inji, babu mai, famfon da ya ɗago ruwan ya riga ya biya kuɗin. Abubuwa uku ne suke ɓata irin wannan tsari. Idan farantin sama ya karkace ko da kaɗan, ruwan zai bi gefe ɗaya, sauran tsakuwar ta zauna a bushe. Idan aka rufe gefen da kwano saboda ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye, kabon dayoksaid ɗin da ya fita zai tsaya a wurin, ya cika sararin, fitar sauran ta tsaya. Raga ake sa wa, ba kwano ba. Na uku shi ne tsabtar da ta wuce kima: jan da yake manne wa tsakuwar yana gaggauta juyewar sabon ƙarfe, don haka a buɗe ramukan da suka toshe, amma kada a kankare tsakuwar ta koma fara.

Allah ya kuma hore mana wani abu a kusa. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda ake yin siminti da shi a Sakkwato, idan aka farfasa shi aka sa a farantan ƙasa, yana narkewa a hankali ya kashe tsamin ruwa. A ra'ayina, buhu kaɗan na wannan dutse sun fi injin hura iska amfani a kan ruwa mai tsami.

4.0 Hanyar da Ruwa Yake Bi a Cikin Tanki

An ce a ba ruwa lokaci. Nawa ne lokacin da tanki yake bayarwa? Lissafin da kowa yake yi shi ne a raba girman tanki da yawan ruwan da yake shiga. Tanki mai lita 10,000 da ruwa lita 5,000 a awa, an sami awa biyu. Wannan lissafi ya ɗauka cewa kowane ɗigo yana bin layi, wanda ya riga shiga shi zai riga fita. Danckwerts ya nuna a 1953 cewa ba haka ruwa yake yi ba. Wani kaso yana yanke hanya daga mashiga zuwa mafita cikin mintuna, wani yana laɓewa a kusurwa ya kwana.

Hukumar kare muhalli ta Amurka tana amfani da wani ma'auni mai sauƙi: lokacin da kashi 10 cikin 100 na farko na ruwan yake ɗauka kafin ya fita. A tankin da ba shi da shinge a ciki, lokacin yakan zama kashi ɗaya bisa goma na lissafin takarda. A wanda aka yi wa shinge mai kyau yakan kai bakwai bisa goma. A tankinmu na awa biyu, bambancin shi ne minti 12 da minti 84. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so kulorin ya zauna da ruwa aƙalla minti 30 kafin a sha. Ga tankuna biyu masu girma ɗaya, magani ɗaya, amma ɗaya ya cika sharaɗi ɗaya bai cika ba. Zafinmu ma yana ƙara dagula abin. Baƙin tankin roba da ya wuni a rana, ruwansa na sama ya fi wanda yake shigowa zafi, sai sabon ruwan ya nutse ya bi gindi kai tsaye zuwa mafita, musamman idan mai haɗa famfo ya sa bututun shiga da na fita a gefe ɗaya don ya rage tsawon bututu.

Wani zai ce to a riƙa motsa tankin sosai. A'a. Ga aikin da saurinsa yake bin yawan abin da ya rage, kamar juyewar ƙarfe, tankin da ake motsawa gaba ɗaya shi ne mafi ɓarna. Don a cire kashi 90 cikin 100, yana buƙatar girman da ya ninka na tankin da ruwa yake bin layi kusan sau huɗu. Don a cire kashi 99, ninkin ya wuce ashirin. Amma idan aka raba tankin gida uku a jere, ninki huɗun nan yana saukowa zuwa ɗaya da rabi. Katanga biyu na bulo a cikin tankin siminti, ko ƙananan tankunan roba uku a jere a madadin babba ɗaya, sun isa. Cakuɗawa mai ƙarfi tana da wurinta, wato daidai inda magani ko iska suke shiga. Bayan nan natsuwa ake so.

Ana iya auna duk wannan ba tare da ɗakin gwaji ba. A narkar da gishirin miya kamar kilo biyu a bokiti, a juye shi gaba ɗaya a mashigar tankin lita 10,000 yayin da famfo yake aiki. Mutum ɗaya ya tsaya a mafita da ƙaramar na'urar auna gishirin ruwa, irin wadda masu sana'ar ruwan leda suke riƙewa, wani kuma da agogo da littafi. Kowane minti biyu a ɗebi ruwa a kofi, a tsoma na'urar, a rubuta. Idan lambar ta yi tsalle cikin mintunan farko, ruwa yana yanke hanya. Idan ta hau ta ƙi saukowa har bayan awanni, akwai matattun kusurwoyi. Gishirin bai kai a ji shi a baki ba idan ya watsu, sai dai a narkar da shi da ruwa mai yawa, domin ruwan gishiri mai kauri yana da nauyi, zai kwanta a gindi ya ba da amsar ƙarya.

5.0 Kududdufin Kifi da Madatsa

Kududdufin kifi kishiyar tankin cire ƙarfe ne. A nan kifi da ruɓaɓɓen abinci suna cinye oksijin da sauri, shigarsa ce take jan ƙafa, don haka fuska ake nema. Ƙwayar iska mai matsakaicin girma tana hawa santimita 20 zuwa 25 a daƙiƙa. A kududdufi mai zurfin mita ɗaya, daƙiƙa huɗu ko biyar kawai take yi ta fashe a sama, kuma ko da ƙananan ƙwayoyi ne, abin da yake shiga ruwa bai wuce kashi 6 cikin 100 na oksijin ɗin da aka hura ba. A ruwa marar zurfi, fantsama ruwan sama yakan fi dacewa. Babbar tarwaɗa tana iya hawa ta shaƙi iska, amma karfasa da ƙananan 'ya'yan kifi ba su da wannan gata. Lokacin tsanani kuwa shi ne kafin asuba, bayan gansakuka ta kwana tana cin oksijin ba ta bayarwa, daidai lokacin da faifan sola ba ya aiki. Shawarata ita ce a ɗaga ruwa zuwa tanki mai tsawo da rana, a sake shi ya riƙa zubowa ta kan farantai a ƙarshen dare. Ajiye ruwa a sama ya fi ajiye wuta a batir araha.

Game da madatsar Shagari, magana ɗaya ce. A duk tafki mai zurfi a ƙasar zafi, ruwan sama yakan yi ɗumi ya ƙi cakuɗuwa da na ƙasa, na ƙasan ya rasa oksijin, ya fara narkar da ƙarfe da manganis daga laka, har sai sanyi da iskar hunturu sun juya shi. Duk wanda zai ja ruwan sha daga madatsa, ya kamata ya auna zafi da oksijin daga sama zuwa ƙasa a bazara da kuma hunturu kafin ya yanke zurfin bakin bututunsa.

6.0 Kira

Muna da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, kuma Boɗinga ba ta da nisa da kowaccensu. Kowace shekara ɗalibai suna neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai. Ina roƙon malamaina su tura wasu daga cikinsu zuwa tankunan Boɗinga, Sifawa da Shagari, da izinin hakimai da kwamitocin ruwa, kowane rukuni da gishiri, agogo, da na'urar auna pH. Su auna tsamin ruwa a bakin rijiya kafin ya sha iska, su sake aunawa a mafita, su yi gwajin gishiri, su zana inda bututu ya shiga da inda ya fita. Hukumomin ruwa kuma, idan za a ba da kwangilar sabon tanki, a rubuta shingen ciki da wurin bututu a cikin takardar aiki, kuma kada a karɓi aikin sai an yi gwajin gishiri a gaban masu unguwa.